Ciyawar da Yaya Ilu Ya Ƙona a Malaz

Shekaranjiya na wuce wani gida a nan unguwarmu, na ga ɗaya daga cikinku, ku da kuka ce kun kama sana'ar gyaran lambun gidaje, ya tara busasshiyar ciyawa a gindin katanga, ya ƙyasta ashana ya jefa, ya juya baya yana latsa waya. Sai da na nemi dakali na zauna. Kun ɗauka aikin nan bai wuce a riƙe tiyo ana watsa ruwa ba. To, ku zauna in gaya muku inda na koye shi, da abin da ya sa har yau ƙaurin ciyawa ke tsorata ni.

Na sauka Riyadh a farkon shekarun tamanin, a ƙarƙashin wani kafil mai gandun sayar da shuke-shuke, abin da suke kira mashtal. Kafil shi ne wanda ya ɗauko ka aiki. In ya ce ka zauna ka zauna, in ya ce ya gaji da kai jirgi za ka hau. Fasfona ya shiga durowarsa tun ranar farko. Abin da ya rage a hannuna iƙama ce, ɗan littafin izinin zama, na naɗe ta a leda saboda gumi na sa a aljihun gaba. In na ji jiniya, ko da ta motar asibiti ce, hannuna ya kai kan aljihun nan kafin in san na ɗaga shi.

Aikina na farko a wani gida ne a unguwar Nasiriya, tare da Ammu Salih, wani tsoho ɗan Yaman da aka haɗa ni da shi don ya koya mini. Ni kuwa na zo da girman kai. Ɗan Kura, wanda ya tashi a noman rani, wa zai koya mini ƙasa? Ya nuna mini filin ciyawar gidan, ya ce sunanta sayyil, da kuɗi ake sayenta, kuma in ta mutu mu ne a ciki. Na duƙa na tsinko ɗaya na duba. Wallahi kiri-kiri ce! Ciyawar da muke nomewa a gida muna tsine mata, ita ce aka shimfiɗa kamar darduma ana lallaɓawa. Na fashe da dariya. Ammu Salih ya miƙo mini manjagara, ya ce in na gama dariyar in fara daga can kusurwa. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo, dariya ta ƙare.

Can akwai wani ɗan lokaci tsakanin sanyi da zafi, suna ce masa rabi'i. Gajere ne, in ka yi sakaci ya wuce ka. Sanyin Riyadh ba wasa ba ne, yana kwantar da sayyil ta bushe ta yi ja kamar ta mutu, alhali saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Da ka fara jin ɗumin rana a ƙeya, sai ka shiga da manjagarar ƙarfe ka kankare mataccen ganyen nan, ka yi ta ja har ƙasa ta fara leƙowa. Ka bi da injin yanka, ka saukar da bakinsa ƙasa-ƙasa. Sannan ka ɗauki cokalin haƙa mai yatsu, ka bi filin kana takawa kana huda ƙasa don ta sha iska. Bayan nan ka haɗa jan rairayi da takin tumaki wanda ya ruɓe ya huce, ka barbaɗa, ka share da bayan manjagara ya shiga ramukan. In ka kawo ɗanyen taki ka ƙone saiwa. Kuma ba a zura hannu cikin buhun taki, da shebur ake juye shi. Na ga ƙaton Bapakistane yana kuka da majina saboda kunamar can.

Ruwa kuwa, ko na rijiyarsu ko na tankar da suke kira wayit, duk da gishiri a ciki. In kana yayyafawa kaɗan-kaɗan kullum, gishirin ya taru a sama, ka wayi gari ka ga fari-fari a kan ƙasa, ciyawa ta fara ƙonewa daga baki. Sai dai ka cika ta da ruwa da sassafe ya nutse da gishirin, sannan ka ƙyale ta ta nema. Wannan da ranƙwashi Ammu Salih ya koya mini shi.

Amma abin da na fi tsoro a rabi'i shi ne dabino, don lokacin ne ake yi masa barbara. A yanko furen namiji, a hau macen, a cusa shi cikin nata furen a ɗaure. Igiya ce kawai a ƙugunka ta zagaye gangar bishiyar, ƙafa ba takalmi, a sama kuma ƙayoyi ne a gindin kowace zarba, tsawon ɗan yatsa. In ɗaya ta shige ka a gaɓa, sai ka yi makonni ba ka dunƙula hannu ba. Ban taɓa sa ƙafa a jikin dabino ba sai na yi kalmar shahada.

Ranakun Alhamis da Juma'a kafil yakan kau da kai mu je mu yi namu ɗan aikin. Ni nawa a unguwar Malaz yake, a gidajen 'yan Najeriya, likitoci da injiniyoyi da ma'aikatan ofishin jakadanci. Su ba ciyawa ce ta dame su ba. Hajiya Rabi, matar Dakta Haruna, nas ce, in ta dawo daga aiki kafin ta cire takalmi sai ta leƙa bayan kicin ta ga ko yakuwarta ta tsiro.

"Malam Garba, wannan lalon naka sai yaushe? Miyar gwangwani ta ishe ni wallahi."

Gidan nasu na haya ne. Mai shi wani dattijo ne, Abu Fahad, katanga ɗaya ce ta raba su. A tsakiyar filin ciyawar akwai dabino guda, mahaifinsa ne ya shuka shi da hannunsa tun unguwar tana fili. Ranar da ya ba Dakta makulli ya ce masa gida nasa ne, amma dabino ba ya cikin haya. Duk rabi'i shi da kansa yake zuwa da sandarsa ya tsaya a ƙasa in zan hau, yana ta cewa, "Shuwayya shuwayya, ya Muhammad!" wato a hankali. A can kowane lebura sunansa Muhammad.

A tsakiyar shekarun tamanin kuɗin mai ya faɗi. Kamfanoni suka riƙa rufewa, ana sallamar mutane, kame ya ƙaru. Sai ka ji an tare titi an loda mutane a bas. A lokacin nan ne Yaya Ilu ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakina a unguwar Shumaisi. Yayan matata Asabe ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya ba ni aurenta bayan rasuwar mahaifinsu. Ya sayar da shanun nomansa ya zo Umara, ya ƙi komawa, ya shigo Riyadh a bayan motar kaya an rufa masa tamfol. Ba iƙama, ba Larabci sai na salla. Na yi murnar ganinsa, amma na tsorata, don ajiye marar takarda laifi ne da zai iya cinye ni da shi. Amma ba a rufe ƙofa ga mutumin da ya ba ka mata.

Na fara tafiya da shi Malaz ranakun Alhamis, yana kwance a bayan wanet, ƙaramar motar ɗaukar kaya ta mashtal, buhunan taki sun kare shi. Manomi ne na gaske, ya fi ni nesa ba kusa ba. Lalon Hajiya Rabi da ya ƙi ni, shi ya tayar da shi. Abu ɗaya ne bai shiga kansa ba, jan manjagarar nan.

"Garba, wannan wahalar ta mece ce?" ya ce, ya dogara da ƙotar yana haki. "A gida in ciyawa ta bushe me muke yi mata?"

"Yaya, nan ba gida ba ne."

"Ciyawa ai ciyawa ce. Ashana ɗaya, toka ta zama taki, ƙwari su mutu, ka ga ta fito shar. Ko ka manta fadamar Baba?"

"Ban manta ba. Amma nan ko shara ba a ƙonawa. Hayaƙi kaɗan maƙwabta za su kira hukuma."

"To," ya ce.

Na san wannan "to" ɗin, ba na yarda ba ne. Da ƙanina ne da na ja kunnensa. Amma mutum ba ya maimaita wa yayan matarsa magana kamar yana yi wa yaro faɗa. Na faɗa sau ɗaya, kunya ta rufe mini baki.

Wata Alhamis da hantsi muna gidan Dakta, shi da Hajiya suna wurin aiki, yaransu suna gidan wata ƙawarta. Rairayi ya ƙare, na ɗauki wanet na tafi ɗebowa, na bar Yaya da manjagara. Ina dawowa, ina karya kwanar layin, na hango baƙin hayaƙi ya miƙe sama. Ban ma tambayi kaina wane gida ne ba. Na bar motar a tsakiyar titi a kunne na ruga.

In za a faɗi gaskiya, Yaya ya yi aikin yadda ake yinsa a gida, bai yi ganganci ba. Ya jiƙa gefen filin duka, ya janye tiyo da kujeru, ya kunna wutar ta gefen da za ta ci tana fuskantar iska, ga ɗanyen reshe a hannunsa. Ciyawar ta ƙone tas, ko bango bai yi baƙi ba. Abin da bai sani ba biyu ne. Iskar rabi'i tana juyawa ba sallama. Sannan gangar dabino a naɗe take da wani busasshen soso da suke kira lif, wanda ya fi auduga kama wuta. Lokacin da na shiga, wuta tana hawan bishiyar tana ruri, zarba tana faɗowa da wuta a jikinta. Yaya yana ta dukan gangar da reshe, gemunsa ya babbake. Na fizgi tiyo, ruwan bai kai ko rabin tsawon ba. Sai na ji jiniya.

"Yaya, gudu! Haura katangar baya!"

Ya dube ni. "In gudu in bar ka da wuta a gidan mutane?"

'Yan kwana-kwana suka shigo, nan da nan suka kashe ta. 'Yan sanda suna biye da su. Abu Fahad ya shigo ba takalmi, ba rawani, ya tsaya gaban baƙar gangar nan tana hayaƙi. Na zaci zai yi ihu ya zage mu. Sai kawai ya ɗora tafin hannunsa a jikinta. Wannan ya fi wutar ba ni tsoro.

"Wen iƙama?" in ji ɗan sanda, wato ina iƙama.

Na zaro tawa, na warware ledar na miƙa masa. Ya juya kan Yaya, Yaya ya buɗe hannuwansa biyu ba komai. Ɗan sandan ya tambaye ni ko na san shi. Na ji Yaya yana cewa ƙasa-ƙasa, "Ce ba ka san ni ba." Amma bakina ya riga ni, na ce surukina ne. Aka sa mu a mota mu biyu.

Ba zan ba ku labarin ɗakin da aka tsare mu ba, sai dai in ce kowa a ciki malamin shari'a ne. Wannan ya ce laifin gobara shekaru ne, wancan ya ce har da bulala. Ban san wanne ne gaskiya ba, duk na yarda da su. Bayan 'yan kwanaki kafil ya zo, ya wanke ni tas a gaban jama'a, sannan ya tsaya mini aka sake ni. Yaya ya zauna.

Dakta Haruna ne ya warware mini maganar. Shi ma idonsa ya faɗa, don gidansa ne, kuma kwangilarsa tana hannun mutane.

"Malam Garba, abu biyu ne. Rashin takarda, wannan jirgi ne, ba wanda zai hana. Na biyu haƙƙin Abu Fahad. In ya yafe, suna ce masa tanazul, sai a mayar da Yayanka gida kawai. In ya ƙi, kotu ce da kurkuku, kuma ba zan iya ce maka na tsawon wane lokaci ba."

Dakta ya tara manyanmu na Malaz muka shiga wurin Abu Fahad ban haƙuri. Ya karɓe mu da mutunci, aka zuba gahawa, aka ajiye farantin dabino. Sai da kowa ya ɗauka ya kai baki, sannan ya ce wannan na bishiyar ne, na bara. Na ajiye ragowar nawa. Ya ce shi ba ya son kuɗin kowa. In bishiyar ta rayu ya yafe, in ta mutu shari'a ta raba mu.

Da haka ran Yaya Ilu ya koma kan bishiya. Na je na ɗauko Ammu Salih. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina. Ya ce dabino ba kamar sauran itatuwa ba ne da za ka sare su toho ta gefe. Zuciya ɗaya gare shi, tana can ƙoli, a tsakiyar zarba. Ganga ta zama gawayi ba komai, in dai wuta ba ta dafa zuciyar ba. Ya ce in hau in kama ɗan tsakiyar nan da bai buɗe ba, in ja a hankali. In ya zaro a hannuna yana wari, to in sauko mu yi wa Yaya addu'a.

Na hau dabino da yawa, amma ban taɓa hawan irin wannan ba. Duk inda na taka sai ya marmashe, igiya tana zamewa a kan gawayi, baƙar ƙura tana shiga idona. Abu Fahad yana tsaye a ƙasa da sandarsa, yau bai ce shuwayya ba. Da na kai ƙoli na zura hannu cikin ƙonanniyar zarba na laluba na kama. Na rufe ido na ja. Bai zaro ba. Na ƙara ja, yana nan daram.

Na sauko ina murna, Ammu Salih ya ce in rufe bakina. Ruɓa takan biyo baya. Ya sa na koma na yanke duk abin da ya ƙone, na daidaita kan tsakiyar da wuƙa ya zama bai ɗaya da na gefensa, yadda in ya ɗago ko kaɗan za a gani. Na barbaɗa garin maganin ruɓa, na rufa ɗanyen buhu a kai saboda rana. A ƙasa na haƙa kwari na zagaye gindin, a cika shi da ruwa a bari ya tsotse. Ya ce kada in kuskura in sa taki, marar lafiya ba a ɗura masa tuwo. Kuma mu roƙi Allah kada zafi ya riga mu, don in iskar zafin nan ta fara kafin ya motsa, an gama.

Kullum bayan asuba, kafin in tafi mashtal, sai na je Malaz na hau. In ɗaga buhu, in shafa, in ji yana nan yadda na bar shi. In shinshina hannuna ina neman wari. In sauko. Abinci ya daina shiga cikina. Kaset ɗin Asabe ya iso daga gida tana cewa in gaishe mata da Yaya, in ce masa ya riƙa sa rigar sanyi. Na saurara na mayar da shi cikin jaka, ban san me zan ɗauka in aika mata ba. Rana kuwa kullum sai ta ƙara zafi, ina jin ta a bayana ina lissafin abin da ya rage na rabi'i.

Wata safiya na ɗaga buhu na shafa, sai yatsana ya yi tuntuɓe. Tsakiyar ya ɗago sama da sauran, bai fi gaɓar yatsa ba, fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Na rungume gangar nan da gawayinta. Na ƙwala wa Abu Fahad kira ta kan katanga. Ya fito ya ɗaga kai ya duba, ya ce shi bai ga komai ba, kuma ba ya yafiya da idon wani. Haka muka ci gaba da jira, har sai da koren ya fito yadda tsoho zai hango shi daga ƙasa. Ranar ya daɗe yana kallo, sannan ya shiga gida ya sa rawaninsa, ya ce wa Dakta ya kai shi ofishin 'yan sanda.

Duk tsawon lokacin nan ni sama nake kallo. Ina watsa wa tokar filin ruwa ne kawai don kada iska ta kwashe ta zuwa cikin gida. Hajiya Rabi ce ta tsayar da ni ranar.

"Malam Garba, kai kuwa ka dubi ƙasa?"

Na duba. Na yi shekaru ina jan manjagara a Riyadh, na yi aiki a gidajen masu hali a Nasiriya, ban taɓa ganin sayyil irin wannan ba. Kore shar, a cike, ba tabo ko ɗaya. Har Abu Fahad, da ya dawo daga yin tanazul, sai da ya tsaya ya tura sandarsa a ciki, ya tambaye ni ko akwai yadda za a yi wa tasa haka. Na yi kamar ban ji Larabci ba.

An mayar da Yaya gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a kora. Dakta ya samo mini izinin ganinsa kafin a kwashe su. Waya ce mai raga tsakaninmu, mutane cike ta kowane gefe, kowa yana ihu da yarensa. Da kyar na gane shi. Ya rame, yana tari, rigar da aka kama shi da ita ce a jikinsa.

"Yaya, dabino ya rayu!" na ce da ƙarfi. "An yafe! Ba kotu, gida kawai za ka!"

Ya gyaɗa kai kamar na gaya masa farashin albasa. Sannan ya matso ya kafa bakinsa a jikin wayar.

"Ciyawar fa?"

"Ta fito, Yaya."

"Yaya ta fito?"

"Shar. Ban taɓa ganin irinta ba."

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Ka riƙa ba ta ruwa."

Aka daka musu tsawa su shiga layi. Ya juya ya bi sahu, ba jaka, ba takalmi, da ƙunar wuta a bayan rigarsa.